Shafin Malam: Jita Biyu da Yatsun Wani Yaro

Zancenmu na wannan wata daga littafin rubutu ya faro, ko da yake a kan jita zai ƙare.

Akwai wani yaro a ajina, shekararsa 13, bahago ne, kuma duk ajin babu mai kyan rubutu kamarsa. A tsakiyar zangon da ya wuce sai na ga rubutun nan ya lalace, kai ka ce kaji ne suka yi tono a takarda. Na kira shi gaban tebur na ce, “Yarona, miƙo hannunka in gani.” Ya yi ta noƙewa, daga bisani ya miƙo. Kan yatsunsa uku sun tsage, ɗaya har ya soma ruwa. Na ce, “Me ya same ka haka?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, jita ce.”

Ashe wata uku ke nan da ya shiga ƙungiyar kiɗa ta matasan majami'armu. Da yake ba mu da jitar bahagwai, sai ya koyi riƙo irin na kowa, watau hannun hagu ke danna tsirkiya, hannun da yake rubutu da shi ke nan. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, a gidan kawunsa akwai wata baƙar jita ta lantarki, yakan yi sa'a guda a kanta ba abin da ya dame shi. Amma jar jitar majami'a, minti goma ya isa yatsu su ɗauki zafi. Ya faɗa wa shugaban kiɗa, shugaban ya ce ragwanci ne, kowa da haka ya koya, sai yatsu sun yi kanta tukuna. Ubansa kuwa da ya ga hannun ya ce an gama kiɗa ke nan, karatu ya sa shi. Waɗansu matasa suka ga kafa ta samu, suka kai kuka wurin dattawa cewa jitar ta tsufa, a sayi sabuwa. Ma'aji ya ce rufin ɗakin makarantar Lahadi ma yoyo yake yi, ina aka ga kuɗin jita?

Ni ba gwanin kiɗa ba ne. Na ɗan taɓa jita sa'ad da nake kwalejin horon malamai, abin da na iya bai taka kara ya karya ba. Amma lissafi da kimiyya nake koyarwa, kuma raina bai kwanta da a kira yaro rago ba tun ba a auna abin da yake kuka da shi ba. Saboda haka ran Asabar na roƙi kawun ya ara mini tasa, na ɗauko ta majami'a, na kwantar da su biyu a kan tabarma, na ari tef ɗin awo na maman yara daga kan keken ɗinki.

Abu na fari da na auna shi ne tsawon tsirkiya. Ba duk tsawonta ake nufi ba, sai sashen da ke kaɗawa, daga inda ta hau wani ɗan farin ƙashi ko roba a bakin wuya, zuwa inda ta sauka a kan jaki. Masu goge da garaya sun san jaki, abin nan da ke ɗage tsirkiya daga jikin fata. Jita ma tana da nata, sai dai na ƙarfe ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka auna daga farin ƙashin zuwa firet na 12, watau cikin ƙananan ƙarafan nan da ke gicciye a kan wuya, sa'an nan ka ninka biyu, gama firet na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya. Jar jita ta ba ni santimita 32.4, ninki biyu 64.8, watau inci 25 da rabi. Baƙar ta ba ni wajen santimita 31.4, ninki biyu 62.8, inci 24 da kwata uku ke nan.

Wannan bambanci yana da tushe a Amurka. Kamfanin Fender na Kalifoniya ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950, ya biyo da Stratocaster a 1954, dukansu a kan inci 25 da rabi. Kamfanin Gibson kuwa ya fito da Les Paul a 1952 da SG a 1961, a kan inci 24 da kwata uku ko kusa da haka. Galibin jitocin da ke shigowa kasuwanninmu kwaikwayon ɗayan biyun nan ne, har da awon. Tamu ta majami'a sifar Stratocaster gare ta, ta kawun yaron kuwa sifar Les Paul, ko da yake ba wadda ta taɓa ganin ƙofar waɗannan kamfanoni.

To, mene ne ruwan tsawo da zafin yatsa? Wani firist Bafaranshe mai suna Marin Mersenne ya bayyana ƙa'idar a littafinsa na 1636, kuma kowane mai gurmi ya san ta da hannu ko bai taɓa jin sunan mutumin ba. Abu uku ke yanke muryar tsirkiya: tsawonta, nauyinta, da ƙarfin ɗaurinta. Doguwa muryarta tana ƙasa. In kana so ta yi murya ɗaya da gajeriya, tilas ka ƙara ɗaure ta. Kuma ƙarin ba ya bin tsawo kai tsaye, yana bin tsawo sau kansa. Bari mu yi lissafin tare, yara ku ɗauko fensir. 25.5 sau 25.5 ya ba da 650 da ɗan kai. 24.75 sau 24.75 ya ba da 612 da rabi. Raba na fari da na biyu, za ka sami 1.06. Ma'ana, in tsirkiya iri ɗaya ce, murya ɗaya, ta kan doguwar jita ta fi ɗauri da kashi 6 cikin 100.

Gaskiya na ɗan ji sanyin jiki da na ga lambar nan, don na ɗauka na kama ɓarawon. Hannun gwani yana jin kashi 6. Ƙaramin hannu ma yana jin cewa a gajeriyar jita ƙarafan sun fi kusa da juna, yatsu ba sa miƙewa da yawa. Amma kashi 6 ba ya tsaga yatsa. Ko Fender Jaguar ta 1962 da Mustang ta 1964, masu inci 24 cif, bambancinsu da Stratocaster kashi 13 ne kawai. Wa ya taɓa jin an kai mutum asibiti don ya sauya daga wannan zuwa waccan? Lalle akwai wani abu dabam.

Ina cikin juya jar jitar sai idona ya faɗa kan launin tsirkiyoyin. Huɗu masu kauri rawaya ne kamar tagulla. Na baƙar jitar kuwa farare ne kamar azurfa. Na aika aka kira mini shugaban kiɗa, wani saurayi mai himma wanda ba na so ku ɗauke shi mugu, don shi ke share ɗakin kayan kiɗa ba wanda ya sa shi. Na tambaye shi ina aka sami waɗannan. Ya ce, “Malam, ana saura kwana biyu Kirsimeti waya biyu suka tsinke, na je kanti, waɗannan kaɗai suka rage. Mai kantin ya ce duk waya ce.” Ya laluba aljihun jakar jitar ya fito da takardar. An rubuta 12 da 53 a jiki, da hoton jita mai rami, irin wadda ba ta bukatar wuta.

Iyaye, ga inda nake so ku buɗe kunne, gama ku ne kuke ba da kuɗin saye. Lambar da ke jikin takardar tsirkiya kauri take nufi. An raba inci ɗaya kashi 1,000, lamba 9 na nufin kashi 9 na wannan, lamba 10 kashi 10, haka har sama. Lamba ta fari ta siririyar ce, ta biyu ta mafi kauri. Na jitar lantarki da aka fi samu su ne 9 da 42, da 10 da 46, wani lokaci 11 da 49. Ido ba ya raba lamba 9 da lamba 10, amma yatsa yana rabawa, domin nan ma ƙa'idar sau kansa ce ke aiki. 10 sau 10 ɗari ne, 9 sau 9 kuwa 81, watau ƙarin kashi 23 cikin 100 daga hawa lamba ɗaya tak. Wannan ya ninka bambancin Fender da Gibson kusan sau huɗu.

Bari in sa shi a kilo don a fi gane shi. A kan jita mai inci 25 da rabi, siririyar tsirkiya lamba 9 tana ja da ƙarfin wajen kilo 6. Lamba 10, kilo 7 da kusan rabi. Lamba 11, kilo 9. Lamba 12, kusan kilo 11. In aka haɗa duka shida, jerin lamba 9 yana jan wuyan jita da wajen kilo 38, na lamba 10 wajen kilo 46, kaɗan ya rage ya kai buhun siminti. Jerin tagullar nan mai 12 da 53 kuwa ya haura kilo 70, kusan buhu ɗaya da rabi, dare da rana, a kan wuyan da ba a saita shi domin haka ba. Kawun yaron ya tabbatar mini tasa lamba 9 ce. A kan gajeren wuya siririyarta ba ta kai kilo 6 ba. Ta majami'a kusan kilo 11. Ninki biyu ke nan, saura ƙiris.

Ban da nauyi ma, tagulla ba ta dace da jitar lantarki ba. Abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya maganaɗisu ne, shi kuwa ba ruwansa da tagulla, sai ƙarfen da ke cikin tsakiyarta kaɗai yake ji. Shi ya sa tun Kirsimeti ake ta ƙara wa amfilifaya murya, ana zargin mai kula da lasifika.

Kada wani ya ga kamar siririyar tsirkiya ta ragwaye ce. A shekarun 1950 tsirkiyoyin kanti duk masu kauri ne, har wani makaɗi, James Burton, ya riƙa ɗaura siraran tsirkiyoyin banjo a kan Telecaster tasa don ya iya lanƙwasa murya. Wani mai kanti kuma malamin jita a Kalifoniya, Ernie Ball, ya ga yadda ɗalibansa ke fama, sai ya soma haɗa jeri mai laushi, ya fito da shi kasuwa a 1962 da suna Slinky. Malami ne ya duba hannun ɗalibi, abin ya yi mini daɗi da na sani. Akwai kuma wani ɗan Birmingham ta Ingila, Tony Iommi, wanda inji ya yanke masa kan yatsu biyu a masana'anta yana da shekara 17. Ya yi wa yatsun hula da roba, ya sa tsirkiya mafi siranta da ya samu, daga baya ya sassauta ɗaurinsu, ya ci gaba da kiɗa har duniya ta san shi. Ban ce ku je ku saurari kiɗansa ba, ba irin namu ba ne. A ɗaya gefen kuma ga Stevie Ray Vaughan na Teksas, wanda aka san shi da lamba 13. Billy Gibbons, ɗan Teksas shi ma, ya sauko har lamba 8 da 7, kuma ya sha faɗa cewa B.B. King ne ya ba shi shawarar ya daina wahalar da kansa. Dukansu biyu sautinsu cike yake. A ganina, abin da ake cewa sai tsirkiya mai kauri ke ba da babban sauti an cika masa gishiri.

Mu koma kan tabarma. Abu na uku da na auna shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 12. A baƙar jita ba ta kai milimita 2 ba, yadda ya kamata ke nan. A jar kuwa kusan milimita 4. Nauyin nan ya ja wuya ya lanƙwaso gaba kamar baka, ya kuma ɗaga bayan jaki sama. Ƙarfin da yatsa ke bukata ya kai tsirkiya ƙasa yana bin ɗauri, yana kuma bin nisa. Ninki biyu na ɗauri, ninki biyu na nisa: yaron nan yana danna kusan ninki huɗu na abin da yake dannawa a gidan kawunsa. Da na nuna wa shugaban kiɗa lissafin a bayan takardar tsirkiyar, ya yi shiru, can ya ce, “Malam, ni ma hannuna na ciwo, kunyar faɗa nake ji.”

Yanzu sai in faɗi nawa kuskuren, don kada wani ya maimaita. A cikin wuyan galibin jitocin lantarki akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli mai kusurwa shida, aikinta ta yi tsayayya da jan tsirkiya. Da na ga wuya ya lanƙwashe, sai zumuɗi ya kama ni, na ɗaure sandar har wuyan ya miƙe, na juya jitar na ɗaure sukurorin sifirin na baya har jaki ya kwanta. Duk wannan da tsirkiyoyin tagulla a kai. Ran Litinin aka kawo mini jerin lamba 9 daga gari, na ɗaura. Me za a ji? Kowace tsirkiya sai zizar ƙudan zuma, waɗansu ma ba sa fitar da murya sam. Na saita wuya domin kilo 70, na ɗora masa kilo 38, sandar ta rinjaya, wuyan ya gantsare baya. Maman yara ta leƙo ta ce, “Malam, da jitar tana da rai, yanzu ka ƙarasa ta.”

Dole na ɗauke ta zuwa wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa a cikin gari. Ya ɗaga ta, ya kanne ido ɗaya ya dubi wuyan daga sama kamar mai duba gorar gini, ya ce, “Malam, wa ya taɓa sandar nan?” Na ce, “Baba, ni ne.” Ya ce, “To, Allah ya taimake ka ba ka karya ta ba.” Ya koya mini bi da bi, ni kuma ga shi ina ba ku kyauta. Tsirkiyar da za a zauna da ita ake fara ɗaurawa, a kai ta muryarta. Sa'an nan a duba wuya: danna tsirkiya mai kauri a firet na fari da na ƙarshe a lokaci ɗaya, ka dubi tsakiya, wajen firet na 7 ko na 8. Ya kamata a ga 'yar tazara kamar kaurin siririyar tsirkiya, ba fiye ba. In za a taɓa sanda, kada a wuce kwatan juyi, a dakata wuya ya zauna, a sake dubawa. In ta yi tauri ta ƙi juyawa, a bar ta, kada a yi mata ƙarfi. Bayan wuya sai sifirin da tsayin jaki. Ya kuma nuna mini wani abin da ban lura da shi ba: ramukan farin ƙashin nan na bakin wuya ba su yi zurfi yadda ya kamata ba, kuma ya ce ya sha ganin haka a jitoci masu araha. Wannan ne ke sa firet na fari ya gagari mai koyo. Ya ɗan goge su da siririyar zarto, abin da ban ba kowa shawarar ya gwada a gida ba, don in an zarce babu komowa.

Muna zaune a shagonsa na tambaye shi, in aka sa wa jita biyu tsirkiya iri ɗaya, tsawo ɗaya, tazara ɗaya, za su zama ɗaya a hannu? Ya yi dariya, ya miƙo mini biyu daga bango. Ba su zama ɗaya ba. Na yi ta tunanin dalili a mota har gida.

Ga yadda abin yake. Ɗauri dabam, taushi dabam. Ɗauri lissafi ne, abu ukun nan na Mersenne sun yanke shi, babu ƙari babu ragi. Taushi kuwa shi ne yadda tsirkiya ke ba da kai sa'ad da ka danna ta ko ka tura ta gefe don ta yi kukan nan da masu solo ke so. A jita irin Stratocaster jaki ba a kafe yake ba, sifirin ne ke riƙe da shi daga baya, galibi guda uku, ko da yake akwai gurbin biyar. In an bar jakin yana lilo, ka tura tsirkiya, sai sifirin su ɗan saki, jaki ya ɗan sunkuyo. Yatsa zai ji taushi, amma sai ka tura da nisa kafin ka kai muryar da kake nema, sauran tsirkiyoyin kuma muryarsu takan ɗan faɗi a lokacin. A Telecaster da Les Paul jaki a kafe yake, ba ya bin ka. Haka nan ragowar tsirkiyar da ke bayan farin ƙashi zuwa kunnen da ake murɗawa. Ba ta ƙara ɗauri ko rage shi ko da gram ɗaya, amma tana miƙewa tare da sauran sa'ad da ka tura, kamar yadda doguwar roba ta fi gajeriya saurin miƙewa. A Stratocaster kunnuwa shida a jere suke gefe ɗaya, saboda haka siririyar tsirkiya ce ke da ragowa mafi tsawo. Jimi Hendrix, da yake bahago ne, ya kifa jitar dama ya sake jera tsirkiyoyin, sai abin ya juye, mai kauri ta sami doguwar ragowa.

Tsayin firet ma yana da nasa. In dogaye ne, tsokar yatsa ba ta gogar katako, tura tsirkiya yakan zo da sauƙi, sai dai mai danna da ƙarfi zai riƙa ɗaga murya ba da niyya ba. In sun cinye sun kwanta, kamar na tsofaffin jitocin majami'u da yawa, sai ka ji kana kokawa da katako. Akwai kaurin wuya, akwai kumburin fuskarsa. Waɗannan sai hannu ya gwada, kuma shi ya sa ban yarda a saya wa yaro jita a hoto ba. A kai shi kanti ya riƙe ta.

Wata dabara kuma da ba ta cin ko kwabo. In ka sassauta dukan tsirkiyoyi shida da rabin murya, ɗauri yana raguwa da kashi 11 cikin 100. In murya guda ce, wajen kashi 21. Hendrix da Vaughan dukansu sun saba saukar da rabin murya. Mai koyo a gida yana iya yin haka har yatsu su yi kanta. Amma akasin haka shi ne abin da nake gani a wurarenmu: mawaƙa sun ɗauki waƙa a sama, mai jita bai iya kama ta a can ba, sai ya murɗa kunnuwa ya ɗaga dukan jitar. Kowane rabin murya da ka hau, ka ƙara wa wuya da yatsu kashi 12. Akwai ɗan maƙalli da ake kira kafo, ana matse shi a wuya, yana ɗaga murya ta wurin gajarta tsirkiya, ba tare da an ƙara ɗaure ta ba. Kuɗinsa bai kai na wuyan da ya karkace ba. A kuma riƙa saita murya da na'ura, ko da ta cikin wayar hannu ce, gama kunne kaɗai yakan yi ta hawa mako mako ba a sani ba.

Na san wani zai ce, ai Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari, ga shi yau yana zaga duniya. Gaskiya ne, kuma na jinjina masa. Amma itacen nasa ne, shi ya sassaƙa. Wayar birki ba ta da lamba, ba ka san kilo nawa kake ɗora wa wuya ba, kuma jitar jama'a amana ce.

Mu da ke arewa muna da ƙarin abu guda, watau hunturu. Iska ta bushe, katako ya tsuke, wuya ya motsa, har bakin ƙarafan firet su ɗan fito gefe suna kartar hannu. Damina ta zo, katako ya sha laima, wuya ya koma wata fuska. Jitar da aka saita a Agusta ba lalle ta zauna haka a Janairu ba. A ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga da rufin kwano. A kuma goge tsirkiya da tsumma bayan kiɗa, don gumi na kawo tsatsa, tsirkiya mai tsatsa kuwa zarto ce a kan yatsa.

Ran Lahadin da ta biyo na je gidan su yaron da jitar a kafaɗa. Na gaida uban, na nuna masa tsohuwar tsirkiya da sabuwa, na sa ya danna da kansa. Ya ce, “Malam, na ji, amma sai hannun ya warke, kuma sai na ga rubutu ya dawo.” Na ce haka ya kamata. Mako uku yaron bai taɓa jita ba. Da ya koma, na ce minti 15 a rana ya isa a farko, in yatsa ya yi zafi a tsaya.

Dattawa ba su sayi sabuwar jita ba. Sun biya kuɗin tsirkiya da ladan Baba mai gyara, ma'aji ya rubuta a littafi yana murmushi. Shugaban kiɗa kuwa bai gamsu da lamba 9 ba. Ya ce ta yi masa laushi, hannunsa da ya saba da tagulla yana danne ta har murya na karkacewa, kuma in ya buga da ƙarfi tana ziza. Da gaskiyarsa. Muka yi shawara, yaron ya ƙare wannan jeri, in sun tsufa a hau lamba 10, a mai da jitar wurin Baba ya sake duba wuya da sifirin. Na rubuta lambar da alƙalami mai kauri a cikin murfin jakar, domin duk wanda aka aika kanti ana saura kwana biyu Kirsimeti ya gani.